Ƙaba bayan fiɗar kamara ta ciwon dajin hanji: yadda take samuwa, waɗanda ta fi kamawa da alamun hatsari

Ƙabar bayan fiɗa wani kumburi ne da ke fitowa a wurin da aka yanka ciki aka ɗinke, idan ɗinkin da ke can ƙarƙashin fata ya saki, har hanji ko kitsen ciki ya samu kafa ya turo. Fatar waje tana iya warkewa sarai alhali ta ciki a buɗe take. A takardun likita da ake rubutawa da Faransanci ana kiranta «éventration», don a bambanta ta da ƙabar matsematsi da gwaiwa da ƙabar cibiya, waɗanda ke zuwa ba tare da an taɓa yi wa mutum aiki ba.

Tana daga cikin matsalolin da suka fi yawa bayan aikin ciwon dajin babban hanji da na ƙarshen hanji. Fiɗar kamara, wadda ake yi ta ƙananan huji maimakon tsaga ciki daga sama har ƙasa, ta rage zafi da kwanakin jinya, amma ba ta kawar da wannan matsala ba. Yawan hatsarin ya danganta da wurin da aka fitar da guntun hanjin da aka yanke, da yadda aka ɗinke, da kuma yanayin jikin marar lafiya.

Mece ce fiɗar kamara

Likitoci na kiranta «cœlioscopie» ko «laparoscopie». Bayan an sa wa mutum maganin barci, ana hura iskar gas ta CO2 a cikinsa har bangon cikin ya ɗaga ya bar fili. Daga nan sai a huda wurare huɗu ko biyar, a zura wasu bututu masu faɗin milimita 5 ko 10 ko 12. Ta ɗaya ake shigar da kamara, ta sauran kuma dogayen almakashi da hantsaki da na'urar ɗinke hanji. Likitan fiɗa yana aiki ne yana kallon allon talabijin.

Likita Philippe Mouret na birnin Liyon a Faransa ya cire matsarmama ta wannan hanya a 1987, bayan Bajamushe Erich Mühe ya yi irin wannan aiki a 1985. A 1991 aka ba da rahoton farko na yanke babban hanji da kamara a Amurka. An daɗe ana ɗari-ɗari da amfani da ita ga ciwon daji, sai da manyan gwaje-gwaje na Basalona a 2002, da na Amurka a 2004, da na Ingila da na wasu ƙasashen Turai a 2005 suka fito, aka ci gaba da bin marasa lafiyar na shekaru, sannan aka tabbatar cewa a hannun gwani sakamakonta wajen kawar da ciwon daidai yake da na buɗe ciki.

Akwai abu ɗaya da mutane da dama ba su sani ba. Guntun hanjin da ke ɗauke da ƙarin, tare da kitse da ƙululun da ke kewaye da shi, ba ya iya bi ta hujin santimita ɗaya. Tilas ne a fitar da shi ɗungurungum, ba a daddatsa ba, don kada ƙwayoyin ciwon su watsu kuma don a iya auna shi a ɗakin bincike. Saboda haka ko a fiɗar kamara ana yin yanka guda na kimanin santimita 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. Mafi yawan ƙabar da ke biyo bayan wannan aiki a wannan yankan take fitowa.

Yadda bangon ciki yake riƙe da hanji

Bangon ciki hawa-hawa ne: fata, kitse, tsoka, sai wani farin tantani mai tauri da ke lulluɓe tsokar, irin wanda mahauta ke gani a jikin naman ciki, sannan siririn tantanin da ke kewaye da hanji. Ƙarfin bangon yana ga wannan farin tantani. Fata tana miƙewa, ba ta riƙe komai.

A tsakiyar ciki, daga ƙahon zuci zuwa mara, tantanin dama da na hagu suna haɗuwa su yi wani farin layi da ya ratsa ta cibiya. Babu tsoka a wannan layi, jinin da ke zuwa masa kaɗan ne, kuma tsokokin gefe biyu suna jan sa kowanne ta nasa ɓangare duk lokacin da mutum ya yi tari ko nishi ko ya ɗaga kaya. Yanka a nan yana da sauƙi da sauri, ba ya zubar da jini sosai, shi ya sa likitoci suka saba da shi. Amma shi ne wurin da ya fi wuyar haɗewa.

Fata tana rufewa cikin kwana goma zuwa mako biyu. Tantanin ciki kuwa yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙwari, da watanni kafin ya kai iyakar ƙarfin da zai samu, kuma ba ya komawa daidai yadda yake tun asali. A makonnin farko zaren ɗinki ne ke riƙe da shi. Idan zaren ya keta nama, ko ciwon ya ruɓe, ko matsin ciki ya yi yawa, sai gefunan biyu su ja da baya kaɗan. Sau da yawa kafar tana buɗewa ne tun a farkon watannin nan, amma kumburin ba ya bayyana sai daga baya, bayan ta yi ta faɗaɗa sannu a hankali.

Wuraren da take fitowa

Na farko shi ne yankan da aka fitar da hanjin. Nan ne ta fi yawa, musamman idan an yi shi a tsakiya, a cibiya ko kusa da ita.

Na biyu shi ne hujin bututu. Ba ta cika fitowa a nan ba. A yawancin rahotanni tana samun kimanin mutum 1 cikin 100 ne, ko da yake idan aka duba kowa da na'urar hoto akan ga ƙanana fiye da haka. Hujin milimita 10 ko 12, da wanda ke cibiya, su suka fi kawo ta. Tana zuwa iri biyu. Akwai ta wuri, cikin kwanakin farko zuwa mako biyu, inda gefen ƙaramin hanji ke maƙalewa a hujin ya kawo amai da kumburin ciki, wani lokaci ba tare da wani ƙullutu da ido zai gani ba. Akwai kuma ta daga baya, wadda ke fitowa bayan watanni kamar ɗan ƙwallo mai laushi.

Na uku shi ne gefen ƙofar bayan gida da ake buɗewa a jikin ciki, wadda likitoci ke kira «stomie», inda ake manna jaka. Tun da an huda bangon ciki da gangan don hanji ya fito, wani hanjin yana iya bi ta gefe. Ƙungiyar likitocin ƙaba ta Turai ta ƙiyasta a 2018 cewa fiye da kashi 30 cikin 100 na masu irin wannan ƙofa suna samun ƙaba a shekarar farko, adadin kuma yakan kai rabi ko fiye idan shekaru suka yi nisa. Ko bayan an mayar da hanjin ciki an rufe ƙofar, tabon wurin yana nan da rauni.

Na huɗu, wanda bai cika faruwa ba, shi ne ƙasan mara tsakanin cinyoyi, ga waɗanda aka cire wa ƙarshen hanji da dubura gaba ɗaya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Bayan an tsaga ciki ta tsakiya, wani bincike da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2014, ya samu ƙaba ga kusan kashi 13 cikin 100 na marasa lafiya bayan shekara ɗaya, da kusan kashi 22 bayan shekara uku. Wannan ya nuna cewa wanda ya cika shekara lafiya bai tsira tukuna ba, ko da yake mafi yawanta a shekaru biyu zuwa uku na farko take bayyana.

Da aka kwatanta fiɗar kamara da buɗe ciki, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A gwajin Ingila mai suna CLASICC, kusan mutum 1 cikin 11 ne ya samu ƙaba a kowane ɓangare, wato babu wani bambanci na a zo a gani. A gwajin Holan mai suna LAFA kuwa, an samu kimanin kashi 10 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa da kamara, da kimanin kashi 17 ga waɗanda aka buɗe. Idan aka haɗa bincike da dama, fiɗar kamara tana rage hatsarin, amma ragin yana ɓacewa idan aka fara da kamara sannan tilas ta sa aka buɗe ciki.

Bambancin da ya fi girma yana tsakanin wuraren fitar da hanjin. Wani nazari na 2017 da ya tattara rahotanni masu yawa ya samu kusan kashi 11 cikin 100 idan yankan na tsakiya ne, kusan kashi 4 idan an yi shi a gicciye a gefen ciki, da kimanin kashi 1 idan an yi shi a gicciye a ƙasan mara. Wannan na ƙarshe shi ake kira yankan Pfannenstiel, da sunan likitan mata Bajamushe da ya bayyana shi a 1900, kuma irinsa ne ake yi wa mafi yawan matan da ake ciro wa jariri ta fiɗa. Ƙarfinsa ya zo ne daga yadda ake yanka tantanin a gicciye, a raba tsokar a tsaye, ta yadda hawa ɗaya ke rufe raunin ɗaya.

Waɗanda ta fi kamawa

Ƙiba ce kan gaba, musamman teɓa. Kitsen da ke cikin ciki yana ƙara matsi a kan ɗinki, kitsen ƙarƙashin fata kuma yana sa ciwo saurin ruɓewa.

Ruɓewar ciwon fiɗa tana ninka hatsarin. Aikin babban hanji ya fi sauran ayyuka wannan matsala saboda ƙwayoyin cuta da ke zaune a cikin hanjin. Mugunya tana narkar da naman da zaren ke riƙe da shi.

Shan taba yana rage iskar da jini ke kai wa ciwo, yana hana jiki saƙa sabon nama mai ƙarfi, kuma yana kawo tari. Ciwon sukari da ba a daidaita ba yana jinkirta warkewa. Haka ma rama da ƙarancin jini, waɗanda suka zama ruwan dare ga masu ciwon dajin hanji, domin da yawa suna zuwa ne bayan sun daɗe suna zubar da jini ta bayan gida kuma ba sa iya cin abinci.

Sauran sun haɗa da tsufa, tari mai daɗewa na asma ko ciwon huhu, taurin bayan gida, nishi wajen fitsari ga dattawa masu kumburin mafitsarar maza, taruwar ruwa a ciki saboda ciwon hanta, da shan magungunan kotizon na dogon lokaci. Wanda yake da ƙabar cibiya tun da, ko aka taɓa yanka shi a wuri ɗaya, shi ma hatsarinsa ya fi.

Maganin ciwon daji da ake kira shimiyo yana iya rage saurin warkewa, shi ya sa ake barin makonni tsakanin aiki da fara shi. Akwai wani magani mai suna bevacizumab da ke hana sababbin jijiyoyin jini tsirowa. Ana dakatar da shi aƙalla mako huɗu kafin fiɗa, ba a kuma mayar da shi sai an yi aƙalla mako huɗu bayanta kuma ciwon ya rufe.

Aikin gaggawa, wanda ake yi idan ƙarin ya toshe hanji ko ya huda shi, ya fi aikin da aka shirya hatsari nesa ba kusa ba: ciki a kumbure, hanji cike, ba a samu lokacin gyara jikin marar lafiya ba, kuma galibi sai an buɗe ta tsakiya.

Abin da ke hannun likitan fiɗa

Ƙungiyar likitocin ƙaba ta Turai ta fitar da ƙa'idojin rufe ciki a 2015, ta sabunta su a 2022 tare da takwararta ta Amurka. Shawarar farko ita ce a kauce wa yankan tsakiya duk inda hali ya yi, har da wajen fitar da hanji a fiɗar kamara. Idan likita ya iya haɗa bakin hanjin biyu a can cikin ciki da na'ura, yana da zaɓin ya fitar da guntun ta ƙasan mara. Idan kuwa sai ya jawo hanjin waje zai haɗa, kamar yadda aka saba a aikin hanjin dama, yankan yakan zo kusa da cibiya.

Ta biyu ita ce yadda ake ɗinki. Ana son zare mai narkewa a hankali, a yi ɗinki ɗaya mai zarcewa, tsawon zaren ya kai aƙalla ninki huɗu na tsawon yankan. Gwajin STITCH da aka yi a Holan, aka wallafa a 2015, ya kwatanta ƙananan ɗinki, milimita 5 daga baki da milimita 5 tsakani, da manyan ɗinki na santimita ɗaya. Bayan shekara guda ƙaba ta samu kashi 13 cikin 100 na masu ƙananan ɗinki, da kashi 21 na masu manya. Wannan gyara ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada.

Ta uku ita ce rufe tantanin kowane huji da ya kai milimita 10, musamman na cibiya. Akwai kuma zoben roba da ake sawa a bakin yankan lokacin fitar da hanji, don kare ciwon daga ƙwayoyin cuta da ƙwayoyin ciwon daji.

Ga waɗanda hatsarinsu ya yi yawa, wasu likitoci na shimfiɗa raga tun a aikin farko don ƙarfafa wurin. A gwajin ROCSS da aka wallafa a 2020, sa raga lokacin rufe ƙofar bayan gida ta ciki ya sauko da ƙaba daga kashi 20 zuwa kashi 12 cikin 100 bayan shekara biyu.

Ba kowane lokaci ake samun zaɓi ba. Girman ƙarin, wurin da yake, da tabon tsohon aiki suna iya tilasta yankan tsakiya. Cire ciwon dajin gaba ɗaya shi ne abin da ke gaba da komai.

Abin da ke hannun marar lafiya da iyalinsa

Kafin aiki, barin taba na aƙalla mako huɗu yana rage ruɓewar ciwo. Mai ciwon sukari ya daidaita shi, mai ƙarancin jini a gyara masa, mai tari a yi masa magani. Wanda ya rame yana buƙatar abinci mai gina jiki gwargwadon abin da hanjinsa zai ɗauka: ƙwai, nono, kifi, nama, wake. Ba a jinkirta aikin ciwon daji watanni don a rage ƙiba, amma ƴan makonnin jira suna da amfani idan an yi aiki da su.

Bayan aiki, tashi da tafiya tun daga rana ta farko ko ta biyu ba ya ɓalle ɗinki. Yana taimaka wa hanji ya motsa, yana kare huhu, yana hana jini daskarewa a ƙafa. Abin da aka saba hanawa shi ne ɗaukar kaya mai nauyi da aikin ƙarfi na mako huɗu zuwa shida, ko abin da likitan da ya yi aikin ya faɗa. A rayuwar yau da kullum wannan yana nufin daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar bido ko buhun hatsi, faskare, noma, tura baro, goyon yaro mai nauyi, da doguwar tafiya a kan kabu-kabu a hanya mai gargada. Tun kafin a sallamo marar lafiya ya kamata gida ya tsara wanda zai karɓi waɗannan ayyuka, domin mata da yawa suna komawa bakin turmi da wuri don babu mai yi musu.

Idan tari ko atishawa ya zo, a dafe ciwon da hannu ko da matashi. Wajen tashi daga shimfiɗa, a fara juyawa gefe, a sauke ƙafafu, sannan a tura jiki da hannu. Wanda ruku'u da sujada ke ja masa ɗinki a kwanakin farko yana iya yin salla a zaune. A sha ruwa sosai, a nemi maganin sassauta bayan gida idan ya yi tauri, kada a yi ta nishi a makewayi.

Ɗamarar ciki tana rage zafi tana kuma sa mutum ya ji ƙwarin motsi, amma bincike bai nuna tana hana ƙaba ba. Ciwon da ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura ko yake fitar da ruwa, a kai shi likita da wuri. Kada a barbaɗa masa garin magani ko toka.

Alamun da ake gani

Alamar farko ita ce kumburi a kan tabo ko a gefensa, wanda ke fitowa idan mutum ya tsaya, ya yi tari ko ya ɗaga abu, ya koma idan ya kwanta rigingine. Yana da laushi, wani lokaci a ji ƙugi a ciki idan an danna. Wasu suna jin nauyi ko ja a wurin da yamma, bayan sun wuni a tsaye. Ga mai ƙiba ƙila ba a ga komai ba sai ciwo kawai. Ga mai jaka a ciki, alamar ita ce gefen ƙofar ya tasa, jakar ta daina mannewa da kyau tana yoyo.

Ƙaba ba ta warkewa da kanta ga babban mutum. Babu jiƙo ko shafi ko ɗaurin da ke rufe kafar, kuma yawanci ƙara girma take yi. Tsaga, ƙaho da sakiya a kan irin wannan kumburi hatsari ne babba, domin abin da ke ƙarƙashin fatar hanji ne, kuma huda shi yana iya kai mutum lahira.

Lokacin da ba a jira

Hatsarin ƙaba shi ne hanji ya shiga kafar ya kasa komawa, bakin kafar ya shaƙe shi har jini ya daina zuwa masa. Hanjin da aka shaƙe yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Ƙaramar kafa mai tsukakken baki ta fi babba saurin shaƙewa, don haka ƙanƙantar kumburi ba dalilin kwanciyar hankali ba ne.

A tafi asibitin da ke da ɗakin fiɗa nan take, ko da tsakar dare ne, idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ko ya yi zafi mai tsanani farat ɗaya, ko fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, ko aka fara amai, ko ciki ya kumbura bayan gida da tusa suka tsaya, ko zazzaɓi ya shigo tare da ciwon ciki. Kada a ba marar lafiya abinci ko fura ko ruwa a hanya, domin ƙila a sa masa maganin barci da isarsa. Kada kuma a yi ta danna kumburin da ƙarfi. Amai da kumburin ciki a mako biyu na farko bayan fiɗar kamara, ko babu ƙullutu, suna buƙatar a koma wurin likita a ranar.

Haka nan idan ruwa mai launin ruwan nama ya ɓalle da yawa daga ciwon a makon farko ko na biyu, yana iya zama alamar ɗinkin ciki ya saki gaba ɗaya. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a garzaya.

Yadda ake tabbatarwa

Likita yana duba mutum a tsaye da a kwance, ya sa shi tari, ya taɓa bakin kafar. Idan da shakka ana yin hoton eko. Hoton sikana shi ya fi nuna girman kafar da abin da ke cikinta, kuma tun da masu ciwon dajin hanji suna yin sikana a kai a kai a shekaru biyar na bibiya, sau da yawa a nan ake fara ganin ta.

Ba kowane ƙullutu a kan tabo ne ƙaba ba. Yana iya zama taruwar ruwa ko jini, ko ƙurji, ko ƙullin zare. Yana iya kuma zama ciwon dajin ne ya tsiro a tabon, abin da ke faruwa ga kimanin mutum 1 cikin 100 ko ƙasa da haka. Irin wannan yana da tauri, ba ya komawa idan an kwanta, ba ya motsi da tari. Saboda haka duk sabon kumburi a nuna shi ga likita.

Magani

Ƙaramar ƙaba da ba ta ciwo, mai komawa da sauƙi, ana iya sa mata ido, musamman ga tsoho ko mai wata cuta da ke sa fiɗa ta yi masa nauyi. Wadda ke ciwo, ko take girma, ko ta taɓa maƙalewa, aiki ne maganinta. Idan ba gaggawa, akan jira a gama shimiyo, a yi sikana a tabbatar ciwon dajin bai dawo ba, mutum ya bar taba ya rage ƙiba, sannan a yi.

Gyaran ya ƙunshi mayar da hanji, rufe kafar, da shimfiɗa raga ta roba wadda nama ke tsirowa a cikinta. A asibitocinmu ana ce mata «plaque». Wani gwaji na Holan da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa bayan shekara uku ƙaba ta dawo ga kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka ɗinke da zare kaɗai, da kashi 24 na waɗanda aka sa wa raga. Bayan shekara goma adadin ya zama kashi 63 da kashi 32. Tun daga nan raga ta zama ƙa'ida, sai ga ƴar ƙaramar kafa. Ita ma tana da nata matsaloli: taruwar ruwa, ruɓewa, ciwo mai daɗewa. Alƙaluman sun kuma nuna cewa ko gyara mai kyau ba tabbas ba ne, shi ya sa rigakafi tun a aikin farko ya fi.

Halin da ake ciki a Nijar

A duniya, ciwon dajin babban hanji shi ne na uku wajen yawa kuma na biyu wajen kisa. Cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar OMS da ke Liyon ta ƙiyasta sababbin masu kamuwa kusan miliyan 1,9 a 2022. A nan ƙasar, da yawa suna isa likita ne a makare, bayan an daɗe ana ɗaukar jinin bayan gida a matsayin basur ko atuni, har sai hanji ya toshe. Irin waɗannan buɗe ciki ake yi musu cikin gaggawa, kuma duk abin da aka faɗa a kan ƙaba ya fi shafarsu.

Waɗanda aka yi wa da kamara, ko a Yamai ko a ƙasashen waje irin su Tunisiya, Maroko, Turkiyya da Indiya, suna komawa Maraɗi, Damagaram ko Tawa ne da ƴan ƙananan tabo, kuma a gida za a ci gaba da bibiyarsu. Takardar bayanin aiki, wato «compte rendu opératoire», ita ce ke gaya wa likitan gida inda aka fitar da hanjin, girman hujin, da ko an sa raga. A karɓe ta kafin a baro asibitin, a yi mata kwafi, a ajiye tare da sakamakon binciken ƙarin da hotunan sikana.

Kafin aiki kuma marar lafiya ko ɗan uwansa yana da damar tambayar likita abubuwa huɗu: ta ina za a fitar da hanjin kuma ko zai yiwu a kauce wa cibiya, ko akwai yiwuwar a buɗe ciki ko a sa jaka, me ya kamata a gyara a jikinsa a makonnin jira, da kuma ranar da zai iya komawa irin aikin da yake ci da shi.